Amsa ga mai tambaya a kan shan Clomid

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce shekararki uku da aure ba haihuwa, likita ya ce bai ga matsala ba, ƙawarki kuma ta ce ki je kemis ki sayi Clomid, maganin da ke taimaka wa mace fitar da ƙwai. Allah Ya kawo masu albarka. Ni ma na sha wannan maganin, amma a hannun likita.

Tukuna, an gwada maigida? Ba a cewa "ba a gano dalili ba" sai an tabbatar kina fitar da ƙwai, hoton HSG ya nuna bututun mahaifa a buɗe, sannan maniyyinsa lafiya. Na ƙarshen nan ake yawan tsallakewa. Mace ta yi ta zarya asibitin Shika na Zariya, mijin kuwa ko ƙofar asibitin bai taɓa takawa ba.

Clomid yana sa ƙwaƙwalwa ta ɗauka sinadarin estrogen ya yi ƙasa, sai ta ƙara turo FSH, wanda ke nunar da ƙwai. Ga mai PCOS, wato matsalar da ke hana ƙwai fita a kan lokaci, wadda al'adarta ke tsallake watanni, yana aiki sosai. Amma in ƙwanki na fita duk wata, shi kaɗai ba ya ƙara miki wani abin a-zo-a-gani. Hukumar NICE ta Ingila, mai tsara wa likitoci ƙa'idojin magani, ma tun 2013 ta ce kada a ba waɗanda ba a gano dalilin rashin haihuwarsu ba shi kaɗai. Ya fi amfani idan an haɗa da IUI, wato a tace maniyyi a zuba cikin mahaifa.

Akan fara da 50mg na kwana 5 a farkon al'ada, sai a riƙa sikanin. In ƙwan ya kai kamar milimita 18 a yi allurar hCG, bayan awa 36 ya fita. Mai kemis ina zai ga wannan? Sikanin ne ya nuna bangon mahaifata ya yi siriri, aka mayar da ni kan wani maganin, letrozole. Ga jin zafi a jiki da saurin fushi, 'yan gidanmu sun ji a jikinsu. In idonki ya fara gani dishi-dishi, ki daina ki koma asibiti.

Alluran FSH, irin su Gonal-F da Menopur, sun fi ƙarfi, sun fi tsada, haɗarinsu ma ya fi, har da na ɗaukar cikin tagwaye ko 'yan uku. Za ki ji ana cewa ai tagwaye alheri ne. Alheri ne, amma 'yan uku galibi bakwaini ake haifa. Kumburin ciki da numfashi sama-sama bayan allura kuwa ba abin jira har gobe ba ne.

Clomid ba a cika wuce wata 6 a kansa ba. In kin haura shekara 35, kada ki ɓata watanni a kan ƙwaya, ku fara maganar IVF da likita, wato a haɗa ƙwai da maniyyi a waje sannan a dasa a mahaifa. Shekarunki nawa, kuma al'adarki tana zuwa daidai?