Gurfanar da Shugaba Azzalumi Gaban Alƙali: Tawaye Ne ko Shari'a?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, gardama ce ta kaure tsakaninmu ɗaliban shari'a. Wasu sun ce kai shugaba kotu saboda zalunci al'adar Turawa ce da ta faro daga sare kan sarkin Ingila, kuma a Musulunci fito-na-fito ne da shugaba, wanda hadisai suka hana. Wasu suka ce a'a, Musulunci ya riga su. Wanne ne daidai? In ya halatta, wa zai yi shari'ar?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ɗana, gardamarku ta yi tsawo ne don kun zuba abu uku a ƙwarya ɗaya: kai ƙarar shugaba, tuɓe shi daga mulki, da ɗaukar makami a kansa. Kowanne da hukuncinsa.

Hadisan da abokanka suke nufi sahihai ne. Ubada bn Samit ya ce sun yi wa Annabi (SAW) mubaya'a a kan ba za su ja da masu mulki ba, sai in sun ga kafirci ƙarara wanda suke da hujja a kansa daga Allah. A hadisin Ummu Salama kuma, da aka tambaya ko a yaƙe su, ya ce a'a, muddin suna salla. Amma duba abin da aka hana: yaƙi da ƙwace mulki. Wanda ya je gaban alƙalin da ƙasa ta naɗa ya ce an cinye masa gona bai zare takobi ba, bai kuma warware mubaya'a ba. Hasali ma zuwansa kotu shaida ce cewa ya yarda da hukuma.

Kai ƙara halal ne, kuma babu kujerar da ke ɗauke haƙƙin bawa daga wuyan mai ita. Aya ta 135 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da tsayar da adalci ko da a kan kawunanmu ne ko iyaye da dangi, ba ta togace sarki ba. Abu Dawud ya ruwaito cewa Annabi (SAW) ya tsokani Usaidu bn Hudair da ɗan itace a kwiɓi, Usaidu ya nemi ramuwa, har ya ce ai ni ba riga a jikina. Annabi ya ɗaga rigarsa. Usaidu ya rungume shi yana sumbatarsa. Ƙurɗubi, bamalike, ya kawo ijma'in malamai a tafsirinsa cewa wajibi ne sarki ya bari a yi ƙisasi a kansa idan ya ta'addaci wani daga talakawansa, domin shi ma ɗaya ne daga cikinsu. Labarin Sayyidina Ali da sulkensa a gaban alƙali Shuraihu shi ya fi yawo a bakin masu wa'azi, sai dai malaman hadisi sun yi magana a kan isnadinsa, don haka ba a kansa nake gina hukunci ba.

Inda malamai suka saɓa shi ne haddi. Hanafawa suna ganin shugaban da babu wani a samansa ba a tsai da masa haddin zina ko na giya, domin shi ne mai zartarwa, mutum kuwa ba ya zartar da haddi a kan kansa. Amma su ɗin ma sun ce jini da dukiya ana kama shi da su, tun da masu haƙƙin suna nan, kuma jama'ar Musulmi za su taimaka musu su karɓa. Sauran malamai sun ce haddin ma alƙalinsa zai tsayar masa. To zalunci kusan duk jini ne da dukiya da ɗauri ba bisa ƙa'ida ba, ka ga saɓanin bai taɓa tambayarka ba.

Kuma abin bai tsaya a takarda ba. Akwai kotu ta musamman da ake kira Mazalim. Mawardi, wanda ya rasu a 450 bayan hijira, ya ce Abdulmalik bn Marwan ne ya fara keɓe mata rana, Umar bn Abdul'aziz ya zauna da kansa ya mayar da dukiyoyin da Banu Umayya suka ƙwace. Ya lissafa ayyukanta goma, na farko shi ne danniyar gwamnoni a kan talakawa, sai ƙarin da masu karɓar haraji suke yi. Zaman ba ya cika sai da rukuni biyar: dogarai, alƙalai, malaman fiƙihu, magatakarda da shaidu. Abin da ya bambanta ta da kotun alƙali shi ne tana iya buɗe bincike a kan gwamna ba tare da wani ya kawo ƙara ba, domin wanda aka zalunta sau da yawa tsoro ne ke rufe masa baki. Nuruddin Zanki, sarkin Sham, ya gina mata zaure na kanta a Dimashƙu, Darul Adli. Rauninta a fili yake: mai zama a kanta halifa ne ko wakilinsa. Tana kama gwamna da ɗan sarki, amma in sarkin ne ɓarawon, sai abin da imaninsa ya ba shi.

Tuɓewa ta fi nauyi. Nawawi ya ce Ahlus Sunna sun tafi a kan cewa fasiƙanci kaɗai ba ya sauke shugaba kai tsaye. Juwaini kuma ya ce idan zaluncin ya ɗore ya game gari, to masu ƙulli da warwara, wato malamai da manyan gari masu naɗa shugaba, su sauke shi, da sharaɗin kada jinin da za a zubar wajen saukewar ya fi wanda ake gudu. Yadda aka yi amfani da wannan ƙofa a tarihi shi ne abin takaici. A 530 bayan hijira an rubuta takardar laifuffukan halifa Rashid na Abbasiyawa, malamai suka ba da fatawa, alƙali ya yanke hukuncin tuɓe shi. Amma a lokacin sarkin Saljuƙawa Mas'ud ya riga ya shiga Bagadaza da runduna, halifan ya tsere Mosul, ba a ji ta bakinsa ba. A daular Usmaniyya an sauke Sarki Ibrahim a 1648 da fatawa aka kuma kashe shi, an sauke Abdulhamid na Biyu a 1909 da fatawa bayan soja sun shigo Istanbul. A ra'ayina yawancin waɗannan fatawoyi hatimi ne aka buga a kan abin da takobi ya riga ya gama.

Yanzu ga sarkin Ingilan naku. An yi wa Charles na Ɗaya shari'a a Landan a Janairun 1649, bisa tuhumar cewa azzalumi ne, maci amana, mai kisan kai. Sabon abu ne a Turai, domin a can ana riƙe da cewa sarki ba ya laifi a idon doka, kotu kotunsa ce. Sai dai soja sun riga sun kori 'yan majalisar da ba sa goyon baya, majalisar dattawa ta ƙi amincewa, cikin mutum 135 da aka naɗa su yi shari'ar 59 ne suka sa hannu a takardar kisa. Sarkin ya ƙi amsa tuhumar, yana ta tambaya da ikon wa aka kawo shi. Aka sare kansa ranar 30 ga wata. Da ɗansa ya dawo mulki a 1660 aka kashe lauyan da ya gabatar da ƙarar, John Cooke, a 1661 kuma aka tono gawar Cromwell, jagoran sojan da ya yi mulki bayan sarkin, aka rataye. Faransa ta bi sawu da Louis na 16 a 1793. Ƙa'idar cewa muƙami ba ya kare mutum daga tuhuma ba ta shiga dokar ƙasa da ƙasa a rubuce ba sai a kotun Nuremberg, wadda ta yi wa shugabannin Nazi na Jamus shari'a, a 1945.

Daga nan misalai suka yawaita, masu kyau da munana. Shugaban Romaniya Causesku an yi masa shari'ar da ba ta kai awa biyu ba ranar 25 ga Disamba 1989, aka harbe shi nan take. Wannan kisa ne da aka sa wa rawanin shari'a. Saddam Husaini an same shi da laifin kashe mutum 148 na garin Dujail, aka rataye shi ranar 30 ga Disamba 2006 ana yi masa ihu, sauran tuhumomin suka bi shi kabari. Wadda ta fi kusa da abin da fiƙihu ke nema ita ce ta Hissene Habre, wanda ya mulki Cadi daga 1982 zuwa 1990. An gano takardun 'yan sandansa na asiri a Njamena a 2001, kotu ta musamman ta zauna a Dakar daga Yulin 2015, waɗanda aka azabtar suka ba da shaida a gabansa, da ya ƙi magana aka naɗa masa lauyoyi, aka yanke masa ɗaurin rai da rai ranar 30 ga Mayu 2016, aka kuma saurari ɗaukaka ƙara.

Saboda haka fatawata ita ce: ya halatta a gurfanar da shugaba, mai ci ko wanda ya sauka, kuma yakan zama wajibi idan babu wata hanyar mayar da haƙƙi. Amma sai alƙalin ya kasance mai wilaya tabbatacciya, wato ikon yin shari'a da doka ta ba shi, ba abokin gaba ba, ba kuma wanda sabon mai mulki ya ɗauko don wannan shari'ar kaɗai ya gaya masa hukuncin a kunne ba. Tuhuma ta zama ƙayyadadda. "Ya zalunce mu" ba da'awa ba ce a fiƙihu, sai an ce wa aka kashe, a ina, yaushe, nawa aka ɗauka daga wace taska. Hujja tana kan mai da'awa, a kuma saurari wanda ake tuhuma, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarci Ali kada ya yi hukunci sai ya ji ta bakin na biyu. Ikirarin da aka samu da duka ba a gina hukunci a kansa. Laifin kuma nasa ne shi kaɗai, ba a haɗa da matansa da 'ya'yansa da ƙabilarsa.

Inda irin waɗannan shari'o'i suka fi lalacewa shi ne haɗa shugaba da kisan da bai yi da hannunsa ba. Fiƙihu ya riga ya tattauna wannan a babin tilastawa. Malik da Ahmad, da Shafi'i a zancensa mafi ƙarfi, sun ce ana ƙisasi a kan wanda ya tilasta da wanda ya zartar baki ɗaya. Abu Hanifa ya ce a kan mai tilastawar ne. Ko ta wace fuska mai ba da umarni bai tsira ba, amma sai an tabbatar da umarnin, da takarda ko shaidu. Shi ya sa ƙona ofisoshin tsaro ranar da gwamnati ta faɗi ɓarna ce babba: masu murna suna ƙona hujjar marayu da hannunsu.

Saura batun rigar kariya, irin ta sashe na 308 na tsarin mulkin Nijeriya, wadda ta hana gurfanar da shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu suna kan kujera. Jinkirta shari'a don kada mulki ya tsaya abu ne da za a iya karɓa ta fuskar maslaha, musamman tun da Kotun Ƙoli ta yanke a 2002 cewa kariyar ba ta hana bincike. Jinkiri ne kawai, haƙƙin yana nan har ya sauka. Afuwa kuwa, hukuma tana iya sassauta horon da yake nata, amma jinin wanda aka kashe na magadansa ne, dukiyar da aka ƙwace ta mai ita ce, babu shugaban da ya isa ya yafe su a madadinsu. In wanda ake tuhuma ya mutu kafin hukunci, horon jiki ya faɗi, dukiyar kuma ana fitar da ita daga abin da ya bari kafin a raba gado. Allah ne mafi sani.