An fito da Inna daga sashen gobe da nisa, sauƙi ne ko an cire rai?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Innarmu ta yi kwana 9 a sashen gobe da nisa saboda ciwon huhu. An cire mata na'urar numfashi, aka kai ta wani ɗaki mai gadaje kaɗan, mutum ɗaya kawai ake bari ya shiga. Sauƙi ne ko sun cire rai da ita? Daga wata 'yar uwa a Mabera, Sakkwato.

Amsa: Wa alaikumus salam Malama, Allah ya ba Inna lafiya. Ki kwantar da hankalinki, yadda kika bayyana, alamar sauƙi ce. Ɗakin nan matsakaici ne, na wanda ya soma numfashi da kansa amma bai kai a kwantar da shi cikin sauran marasa lafiya ba. A sashen gobe da nisa akan ba nas ɗaya mutum ɗaya, a nan kuwa yawanci biyu take kula da su. A babban ɗaki nas tana iya samun kanta da gadaje masu yawa ita kaɗai da dare. Inna tana bukatar a riƙa duba bugun zuciyarta, hawan jininta da iskar oksijin da ke jininta dare da rana, domin a kwanakin farkon nan ne jiki ya fi saurin komawa baya.

Abin da ya fi damuna shi ne abinci. Wanda tiyon na'urar numfashi ya kwana a maƙogwaronsa, haɗiya kan yi masa wuya na ɗan lokaci. Sai tausayi ya kama ɗiya, ta ga leɓen mahaifiya ya bushe, balle da zafinmu na Sakkwato da kan wuce maki 40 a bazara, ta ɗiba mata fura ko kunu a ɓoye. Kaɗan daga ciki ya sauka huhu, ciwon da aka yi kwana 9 ana fama da shi ya dawo sabo. Don Allah ko ruwan rubutu ko zamzam kada a ba ta sha sai an gwada haɗiyarta an ba ku izini. Jiƙa mata leɓe da auduga ya wadatar.

Kada ki tsorata idan ta yi sambatu ko ta kasa gane ku. Wannan ruɗewa tana yawan samun tsofaffi bayan doguwar jinya, kuma galibi takan wuce, amma ki sanar da nas. Ki yi mata magana a hankali, ki faɗa mata inda take da ranar da ake ciki. A riƙa juya ta kamar bayan kowace awa 2 saboda gyambon kwanciya, kuma ku ba masu gashin ƙashi haɗin kai ko da ta ce ta gaji.

Masu dubiya su yi haƙuri, jikinta bai yi ƙarfin kare kansa daga ƙwayoyin cuta ba tukuna. Ke da ke shiga, ki wanke hannu. Da kin ga numfashinta ya ƙaru, ko barci ya yi mata nauyi har tashinta na wuya, ko fitsari ya ragu a jakar da ake tara shi, ki kira nas nan take, kada ki jira zagayen likitoci na safe.