Amsa: Ganyen dabinon ado ya kife, ƙishirwa ce?

Ɗan'uwa, ka ce sabon ganyen da ke kan dabinonka na ado ya kife kamar lema, kuma gindinsa na wari. Ina tsoron ba ƙishirwa ba ce, jan ƙwaron dabino ne.

Asalinsa daga kudancin Asiya yake. Ya shiga Masar a 1992, daga nan ya haye Sifaniya, yawanci ta hanyar cinikin bishiyoyin dashe. Macen tana zuba ƙwai a duk inda bishiya ta ji rauni, tsutsar kuma ta yi ta cin ciki ba a gani. Duba gindin rassan da kyau: za ka ga ramuka, da ruwa mai yauƙi launin ƙasa, da zare-zaren da aka tauna. Kara kunnenka a jikinta da dare, wani lokaci har ƙarar cin ake ji.

Don Allah ka daina sare rassa lokacin zafi, ƙamshin sabon yanka ne ke janyo shi. Idan tsakiyar kan ta riga ta ruɓe, bishiyar ba za ta tashi ba. Na san da ciwo, amma a sare ta a daddatsa a ƙone, kafin ƙwarin su koma kan sauran. Ka kira masanin aikin gona ya duba na kusa da ita.