Ɗakin ne zai zaɓa maka talabijin, ka fara da shi

Assalamu alaikum. Malam, tun jiya da dare na ga tambayarka, na bari sai da na samu natsuwa don in ba ka amsa mai gamsarwa, domin ni ma na bi ta wannan hanyar. Ka ce ka ware ɗaki guda a gida don kallo kai da iyali, daga bangon da za a rataye talabijin zuwa kujera mita 3 ne, akwai taga ɗaya a gefe, kuma kanka ya ɗaure tsakanin 4K da 8K wajen tsabtar hoto, da kuma tsakanin OLED da QLED wajen nau'in gilashi.

Tunda har ka auna ɗakin, ka ci rabin aikin. Nisan kujera, yawan hasken da ke shigowa, da wuraren da mutane za su zauna, su ne za su nuna maka abin da ya dace. Rubuce-rubucen jikin kwali daga baya suke zuwa.

Mu fara da girma. Incin da ake faɗa daga kusurwa zuwa kusurwa ake auna shi, a karkace. Ƙungiyar injiniyoyin fim da talabijin ta SMPTE ta ba da shawarar hoton ya cika kamar digiri 30 na abin da ke gaban idonka, kamfanin THX kuma ya ce digiri 40 ga mai son ya ji kamar yana silima. A sauƙaƙe, ka raba nisan kujerarka da 1.6. Naka santimita 300 ne, zai ba ka kusan 187, wato kamar inci 74. To inci 75 ne daidai ɗakinka. Inci 65 ma zai yi, amma don Allah kada ka sauka ƙasa da haka. Faɗin mai inci 75 ya kai santimita 166, na 65 kuma 144. Abin da na yi a karo na biyu da zan saya shi ne, na ɗauko tef ɗin takarda na zana girman a bango, na bar shi kwana biyu ina zama a kujera ina dubansa. Ranar farko na ga kamar ya yi yawa, zuwa washegari ido ya saba. Ka gwada, gani ya kori ji.

Maganar 8K kuwa, ka ajiye ta. Waɗannan sunaye yawan ƙananan ɗigon da ke haɗa hoto suke nunawa: hoton 1080 ɗigo kusan miliyan 2 gare shi, 4K ya haura miliyan 8, 8K kuma miliyan 33. Daga mita 3 idonka ba zai raba 4K da 8K ba, kuma abin kallo da aka yi a 8K bai taka kara ya karya ba. Abin da ya fi shafarka shi ne yadda talabijin zai gyara hoto mai rauni, domin tashoshi da yawa har yanzu a 1080 suke ko ƙasa da haka, kuma babban gilashi ba ya rufa wa mummunan hoto asiri. Idan ta intanet za ka riƙa kallo, Netflix na neman aƙalla megabit 15 a daƙiƙa kafin 4K ya tafi lafiya.

Yanzu ga inda nake so ka tsaya da kyau, domin a nan na yi asara. Talabijin ɗin da na fara saya mai inci 55 ne. A kanti na gan shi ƙarƙashin fitilu masu ƙarfi, ana nuna furanni da tsuntsaye, launi kamar ka sa hannu ka taɓa. Na kawo shi gida, dare ya yi, muka kashe fitila, muka saka wani fim da aka fara da tafiya cikin duhu. Baƙin layin nan na sama da ƙasa sai ya koma ruwan toka, kusurwoyi biyu na ƙasa suna fitar da haske kamar an kunna tocila a bayan labule. Uwargida ta juyo ta ce, "Wai hayaƙi ne a fim ɗin?" Na yi ta danna rimot har tsakar dare, na rage haske, fuskokin mutane suka ɓace, na ƙara, tokar ta dawo. Shekara biyu muka yi da shi muna barin fitila a kunne don kada abin ya dame mu.

Daga baya na gano dalili. Abin da ake kira LED, da wanda ake kira QLED, duk gilashin LCD ne da fitilu a bayansa. Gilashin ba ya ba da haske da kansa, tare hasken fitilar yake yi, kuma ba ya iya tare shi gaba ɗaya. Nawa fitilunsa a gefe-gefe aka jera su, shi ya sa kusurwoyi ke yoyon haske. QLED ƙarin shimfiɗa aka yi masa da ke ƙara wa launi armashi, amma fitila na nan a baya. Wanda ya fi kyau a wannan dangin shi ne Mini-LED, mai ƙananan fitilu masu ɗimbin yawa da aka kasa yanki-yanki, inda hoto ya yi duhu sai yankin ya dushe. Yana da haske ƙwarai, sai dai idan farin rubutun fassara ya fito a kan baƙi, za ka ga ɗan haske ya kewaye shi kamar wata ya yi gida.

OLED daban yake. Kowane ɗigo shi ke kunna kansa ya kashe kansa, saboda haka inda ya kamata a ga baƙi, ɗigon a kashe yake ɗungurum. Daren da na kunna nawa a karon farko, da hoton ya yi duhu sai na kasa gane inda talabijin ya ƙare bango ya fara. A ganina, ɗakin da za a iya duhunta shi kuma yawancin kallon da dare ne, babu kamar OLED. Idan kuwa da rana za a fi kallo, labule a buɗe, yara na shiga da fita, Mini-LED mai kyau zai fi yi maka amfani saboda ƙarfin haskensa. Tagar taka tunda a gefe take da sauƙi, labule mai kauri ya wadatar. Wadda ke fuskantar talabijin kai tsaye ce matsala, don za ka riƙa ganin ta a cikin gilashin.

Ba zan ɓoye maka aibin OLED ba. Idan aka bar shi kullum a tasha ɗaya mai tambari a kusurwa, kamar tashar labarai daga safe har dare, bayan lokaci mai tsawo inuwar tambarin na iya zama a gilashin ta ƙi fita. Nawa ya shekara uku babu tabo ko ɗaya, amma muna sauya abin kallo, kuma idan na kashe da rimot ba na zare shi daga soket nan take, domin yakan yi 'yan mintoci yana daidaita ɗigoginsa bayan an kashe.

Tunda da iyali za ku zauna, ka tuna da na gefe. Gilashin LCD iri biyu ne aka fi samu: VA, mai baƙi mai kyau amma launinsa na koɗewa idan ka kalle shi daga gefe, da IPS, wanda ke riƙe launi daga gefe amma baƙinsa toka-toka. Nawa na farko IPS ne. A kanti ka tsaya a tsakiya, sannan ka taka uku zuwa dama kana duban fuskar mutumin da ke cikin hoton. Idan fatarsa ta yi fari-fari, haka mai zama a ƙarshen kujera zai riƙa gani kullum. Kuma ka roƙi mai kanti ya fitar da shi daga yanayin talla, ya saka maka wurin dare a wani fim.

HDR, wato fasahar faɗaɗa tazarar da ke tsakanin haske da duhu a hoto, ya fi yawan ɗigo tasiri a ido, shi ne ke sa hasken rana a kan ruwa ya yi walƙiya alhali inuwa ba ta cushe ba. Sai dai tambarin HDR a kwali ba ya nufin talabijin na da ƙarfin nuna shi, mai raunin fitila ma ƙara duhu yake yi. HDR iri-iri ne, kuma duk talabijin da ke da shi na karanta nau'in HDR10. Dolby Vision akwai shi a LG da Sony, Samsung kuma ba ya ɗaukarsa, HDR10+ yake amfani da shi. Wannan kada ya hana ka barci, ingancin gilashin ya fi sunan muhimmanci.

Idan ya iso gida, abu na farko ka shiga saitin hoto. Ana ɗaukar fim ne hoto 24 a daƙiƙa, amma yawancin talabijin na zuwa da wani saiti da ke cusa hotunan ƙirƙira a tsakani, sai motsi ya yi santsi fiye da kima, fim mai tsada ya koma kamar an ɗauke shi da waya. Tun 2020 da yawa suna zuwa da zaɓin Filmmaker Mode, dannawa ɗaya ya kashe wannan duka. Da farko za ka ga hoton ya ɗan yi ja-ja, ka ba shi kwana uku. Idan akwai masu wasa da PlayStation 5 ko Xbox Series X a gidan, ka tabbata gilashin 120Hz ne na gaske, wato mai sabunta hoto sau 120 a daƙiƙa, kuma akwai ramin haɗa na'ura na HDMI 2.1. Ka ƙirga ramukan, domin a wasu guda biyu ne kawai, ɗaya daga ciki kuma shi ne na eARC da za ka haɗa sifika da shi.

Sifikar nan kada ka raina ta. Talabijin na yanzu sun yi siriri, babu wurin da sauti zai cika, shi ya sa za ka ji kiɗa da harbi na tashi amma magana na nutsewa. Ka ware wani kaso na kuɗin tun farko ka sayi ko da doguwar sifikar nan ce da ake ajiyewa a ƙarƙashinsa. Gara inci 65 da sauti mai kyau da inci 75 da kullum ana cewa "me ya ce?"

Wajen ratayewa, tsakiyar gilashin ya zo daidai idonka kana zaune, wajen mita ɗaya daga ƙasa. Mutane da yawa na kai shi can sama, wuya ya yi ta ciwo. Kada ka yar da kwalin sai ka kashe fitila ka gwada hoto baƙi tsantsa, da fari, da ruwan toka, ka matso kusa ka duba ko akwai mataccen ɗigo ko wani dabbare-dabbare, tun lokacin mayarwa bai wuce ba.

Ka sanar da ni ko da rana za ku fi kallo ko da dare, da kuma mutum nawa kujerar ke ɗauka, sai in faɗa maka wanne zan ɗauka da ni ne a ɗakin. Allah Ya sa a kalla lafiya.