Tsumman Maikurofaiba da Ruwa Zalla: Ya Isa a Tsabtace Gida?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni uwar yara uku ce a Nima, cikin Accra, muna zaune a gidan haya mai ɗakuna da yawa, banɗaki ɗaya muke shiga da maƙwabta. Autana yana da ciwon asma, duk ranar da na wanke ɗaki da parazon, wato ruwan bilic, ko na fesa maganin goge gilashi sai ya kwana yana tari. Wata ƙawata ta kawo mini irin tsumman nan mai laushi da ake kira maikurofaiba, ta ce da shi da ruwa kawai an gama, har ƙwayoyin cuta yake kashewa. Gaskiya ne? In zubar da sauran kayan wankin nawa?

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba yaro lafiya. Ƙawarki ta yi miki alheri, kuma yawancin maganarta gaskiya ce, amma akwai gyara a wuri guda, kuma wurin yana da nauyi: tsumman nan ba ya kashe ƙwayoyin cuta, kwashe su yake yi. Suna barin kan tebur su koma cikin tsumma, da ransu. Duk shawarar da zan ba ki daga nan ta samo tushe.

Bari mu fara da abin da ke hannunki. Ba auduga ba ce. Zaren roba ne iri biyu aka haɗa, foliyesta da nailan, galibi kashi 80 na farko, kashi 20 na biyu. A Japan aka fara ƙera irin wannan zare wajajen shekarar 1970. Sirantarsa ta wuce ta gashin kai nesa ba kusa ba, sannan a masana'anta ana tsarga kowane sili gida-gida, ta yadda da za ki yanka shi ki duba da madubin likita, za ki ga ya yi kama da lemon zaƙi da aka raba biyu, ga ɓangarori masu kaifin baki, ga 'yan ramuka a tsakaninsu. Bakin ne ke kankare datti, ramukan su riƙe shi. Foliyesta na kama maiƙo, nailan na shan ruwa, shi ya sa tsumma mai kyau kan ɗauki ruwan da ya ninka nauyinsa sau shida ko bakwai. Tsohuwar singiletin da muka saba yagawa mu yi tsumma da ita zarenta kauri ne kuma mulmulalle, yawanci tura datti take yi daga nan zuwa can.

An gwada wannan a asibiti. A shekarar 2007 masu bincike a Jami'ar North Carolina da ke Amurka sun kwatanta abin goge ƙasa na auduga da na maikurofaiba. Da ruwan sabulu kawai, na audugar ya kwashe kashi 68 cikin ɗari na ƙwayoyin cutar da ke daɓe, na maikurofaiba ya kwashe kashi 95. Da suka ƙara wa na maikurofaibar maganin kashe ƙwayoyin cuta, sakamakon bai ɗaga ba. Wannan ne ya sa nake gaya wa mata ba tare da ɗar ba cewa sharar yau da kullum ba ta buƙatar parazon. Tebur, kujeru, tayil, ƙofar firji, madubi, gilasan taga, allon talabijin, ƙarfen gado, duk ruwa da tsumma sun wadatar. Ga mai yaro irin naki kuwa wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne, domin magungunan feshi suna watsuwa cikin iska su shiga ƙirji kai tsaye, kuma ɗakunanmu na zango ƙanana ne, taga ɗaya, wani lokacin ma tana kallon bangon maƙwabci.

Yadda ake riƙe shi ma yana da muhimmanci. Jiƙa shi ki matse sosai har ya daina ɗiga. Idan ya jiƙe sharkaf ramukan sun cika da ruwa, ba inda datti zai shiga, sai ya riƙa santsi a kan wuri ya bar zane-zane. Ninka shi biyu, ki sake ninkawa, kin samu fuska takwas ke nan. Ki goge da fuska ɗaya, ta yi datti ki juya, har su ƙare. Ki riƙa jan hannu gefe guda, daga sama zuwa ƙasa, daga wuri mai tsafta zuwa mai datti, ba zagaye-zagaye ba. A gilashi, ki bi da busasshe nan take, za ki ga ya yi tas.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, shi ne lokacin da za ki fi gode wa ƙawarki. Ƙurar nan mai laushi da ke kwanciya a kan komai kafin azahar, idan aka kakkaɓe ta da tsumma ko aka bi ta da tsintsiya, tashi take yi ta cika ɗaki, yaro ya shaƙa, da yamma ta sake sauka inda take. Busasshen maikurofaiba yana jan ƙura ta manne masa, amma a gidan mai asma na fi son a ɗan dausaya shi da ruwa. A fitar da yaron waje kafin a fara, a buɗe taga. Abin lura ɗaya: idan tsakuwa ko yashi ya maƙale a tsumman, zai karce gilashin waya ko na talabijin, don haka ki ware wa waɗannan nasu daban.

To, ina ruwa zalla ke gazawa? Na farko, maiƙo mai yawa. Manja da ya fantsama a bango ya kwana, ko shito da ya zube a kan murhu, sai an ɗiga sabulun wanke-wanke a ruwan ɗumi. Ba laifi ba ne, sabulu ba ya cikin abin da ke tayar wa yawancin yara da tari, musamman marar ƙamshi. Na biyu, katakon yanka nama da duk inda ɗanyar kaza ta taɓa: ruwan zafi da sabulu, a ɗauraye, a shanya a rana. Kar ki goge ruwan kaza da tsumma sannan ki kai shi kan faifan da za a ajiye waake da shinkafar yara.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna, wato banɗakin da kuke tarayya da maƙwabta. Mu da muke Accra a 2014 ba mu manta da kwalara ba, ta kama mutane sama da 28,000 a faɗin Ghana, mafi yawansu a nan birnin, kuma unguwanni masu cunkoso ne suka fi jin jiki. Cutar da ke bin bayan gida, ko kwalara ce ko taifot, ba a yi mata sassauci. Kashi biyar cikin ɗarin nan na ƙwayoyin cuta da tsumma ya bari a kan teburin falo ba komai ba ne. A bakin masai, ranar da wani a gidan yake amai da gudawa, yana iya kwantar da yaro. Don haka kar ki zubar da parazon ɗinki. Ɗaga shi sama inda hannun yara ba ya kai, ki riƙa fito da shi don banɗaki da ranar rashin lafiya. Duba jikin robar: idan ƙarfinsa kashi 5 ne cikin ɗari, murfi ɗaya a murfi 49 na ruwa ya isa wanke masai, daɓen banɗaki da hannun ƙofa. Inda amai, gudawa ko jini ya zuba, ɗaya a tara, a bar shi ya yi minti goma. Yawancin tarin da yaronki ke yi ina zargin daga tsiyaya shi gar ne ba tare da sirki ba, kamar yadda mata da yawa suke yi don su ji warin tsafta. Ki yi aikin yana makaranta, ƙofa a buɗe. Kuma don Allah kar a taɓa haɗa parazon da binega, ko ruwan lemon tsami, ko wani maganin wanke masai, iskar da ke tashi guba ce. A wannan aiki tsohon tsumman auduga za ki ɗauka, wanda za ki iya yarwa, domin parazon yana cinye nailan ɗin da ke cikin maikurofaiba.

Wani abu a gefe, tunda gidan masu salla ne. Idan yaro ya yi fitsari a daɓe, gogewa da danshin tsumma na iya kawar da datti a ido, amma zancen tsarki sai an zuba ruwa. Ki tsane da tsumma, ki zuba ruwa mai tsarki, sannan ki sake tsanewa.

Yanzu ga inda mutane da yawa ke yin asara. Tunda tsumman ajiye datti yake yi a cikinsa, tsaftar gidanki ta rataya ne a kan wankinsa. Tsumma ɗaya bai isa gida ba. Ki nemi kamar launi huɗu, ki raba musu aiki: misali ja na wajen wanka, rawaya na kicin, shuɗi na gilashi, kore na kayan ɗaki, kuma ki koya wa yara da mai taya ki aiki kar a cakuɗa. Haka ake yi a asibitoci da otal-otal. Bayan kowane aiki a wanke shi da ruwa mai ɗumi sosai da ɗan omo kaɗan, a cuɗa, a ɗauraye har kumfa ta ƙare ƙaf. Sabulun sanda da sabulun salo suna barin saura a cikin zaren, idan da su za ki wanke sai kin ƙara ɗauraya. Ruwan ƙamshin nan da ake zubawa don tufafi su yi laushi kuwa shi ne babban maƙiyinsa, yana toshe ramukan gaba ɗaya, tsumma ya koma tura ruwa. Kar a wanke shi tare da tawul ko atamfa, zai kwashe burbushin auduga. Kar a yi masa guga, kar a rataye shi kusa da kurfoti, roba ce, narkewa take yi. A shanya shi a buɗe a igiya. Da damina, daga Afrilu zuwa Yuli, lokacin da iskar teku ke hana kaya bushewa, tsumman da aka dunƙule aka jefa a bokiti da danshi kafin gari ya waye ya fara wari, kuma warin nan alama ce ƙwayoyin cuta sun hayayyafa. Wanda ya yi wari ba ya komawa kan tebur sai ya sha wanki da rana.

Idan za ki ƙaro a Makola ko kasuwar Nima, ba duk mai laushi ba ne na gaske. Shafa shi a tafin hannunki: mai kyau za ki ji yana ɗan kama fata, musamman inda ta bushe. In mai shago ya yarda, ɗiga ruwa a kan tebur ki ɗora gefensa. Na gaske zai zuƙe, na bogi zai tura. Duba 'yar takardar da ke jiki, wanda aka rubuta foliyesta zalla ba ya shan ruwa yadda ya kamata. Kuɗin ruwa ma zai ragu, domin rabin bokiti ya isa goge ɗaki da falo, abin da mai sayen ruwa a jarka zai gani a aljihunsa.

Yana da nasa aibin, ba zan ɓoye miki ba. Duk wanki yana zubar da 'yan silayen roba da ido ba ya gani, su bi kwata zuwa kogin Odaw, su faɗa teku. Saboda haka ki sayi kaɗan masu inganci da za su yi shekaru, maimakon masu arha da ke kakkaryewa a wata biyu. Wanda ya tsufa ya daina shan ruwa, ki mayar da shi na goge takalma ko babur ɗin maigida.

Game da yaron, idan kin sauya salon sharar kuma tarin dare bai lafa ba cikin 'yan makonni, a duba hayaƙin gawayi, maganin sauro na ƙonawa, turaren wuta da funfuna a bango, sannan a kai shi asibiti a sake duba maganin shaƙarsa.