Ango ya ce sai Kilimanjaro za mu ci amarci, in bi shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Anti, dan Allah ki bani shawara. Bikina saura wata huɗu insha Allah, toh shi wanda zan aura tun muna zance yake min maganar dutsen Kilimanjaro wai burinshi ne tun yana makaranta, yanzu kuma ya ce can zamu tafi yawon amarci, har ya fara magana da wani kamfani da ke kai mutane. Ni gaskiya Dubai na saka a raina ko Umara, dutsen da na taɓa hawa a rayuwata Dala ne shi ma sai da na huta a hanya. Ya ce babu igiya babu komai tafiya ce kawai kuma akwai masu ɗaukar kaya. Bana so in fara ce mishi a'a tun ban shiga gidanshi ba, kuma can ƙasan raina abun ya ɗan burge ni. Ya kike gani?
Wata amarya daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya sanya alheri ya kaimu lokacin. Angon naki bai yi ƙarya ba amma rabin zancen ya faɗa miki. Gaskiya ne ba a buƙatar igiya, da ƙafa ake takawa har sama, kuma dokar Tanzaniya ma bata yarda mutum ya hau shi kaɗai ba sai da ɗan jagora mai lasisi, ga 'yan dako ga mai girki duk suna tare da ku. Rabin da ya bari shi ne tsayin dutsen mita 5,895 ne, babu wanda ya kai shi a duk Afirka. Chappal Waddi na Taraba da ya fi kowane dutse tsayi a Najeriya mita 2,419 ne, kinga ko rabi bai kai ba.

Kuma ba gajiyar ƙafa ce ke dawo da mutane ba, iska ce. A can ƙololuwa duk numfashin da kika ja kusan rabin iskar da kike samu a Kano yake baki, sai ciwon kai, tashin zuciya, abinci ya fita a rai, barci ya ƙi zuwa, kuma wannan ciwon babu ruwanshi da waye mai ƙarfi, ɗan ƙwallo zai iya zubewa yana amai dattijuwa ta zo ta wuce shi da sandarta. Maganinshi na farko kwanaki ne, a ba jiki lokaci ya saba. Shi yasa abu na farko da zaki tambayi ango shi ne wace hanya kamfanin ya ce, kuma kwana nawa. In ya ce Marangu kwana 5 saboda ta fi araha, ki ce a'a da babbar murya. Ita ce aka fi yi wa kallon mai sauƙi amma saurin hawan nata ne ke kayar da mutane, sannan ɗakunan kwana na katako ne da ake haɗa ku da wasu baƙi, gado sama da ƙasa, ke da angonki da wani bature yana minshari, wane irin amarci kenan fisabilillahi. Ku nemi Lemosho kwana 8, ko Machame kwana 7. Su a tanti ake kwana, naku ku biyu, kuma an tsara su yadda za a hau sama da rana a sauko ƙasa a kwana, kamar ranar da ake zuwa Lava Tower wajen mita 4,600 sannan a gangaro sansanin Barranco. Washegari akwai bangon Barranco da sai kin sa hannu kin dafa dutse a wasu wuraren, yana da ban tsoro daga nesa amma mafi yawa suna wucewa lafiya.

Daren ƙarshe shi ne gwajin. Wajen sha biyun dare za a tashe ku a sansanin Barafu, fitila a goshi, sanyin da ruwan gora ke daskarewa, a yi ta jan ƙafa awa shida zuwa takwas, 'yan jagora na ta cewa pole pole wato a hankali, har gari ya waye muku wajen Stella Point, daga nan a ƙarasa Uhuru, wato ƙololuwar dutsen. Hoto kaɗan za a ɗauka a juyo, don ba a daɗewa a can, kuma a ranar dai za a gangara har wajen mita 3,100. Tafiyar awa goma sha biyu ko fiye a rana ɗaya, kin ji.

Yanzu ga maganar da ta fi komai a wajena, kuma ku yi ta tun a gida kuna shan shayi ba sai a kan dutse ba: in ɗayanku ya kasa ya za a yi? Yana faruwa sosai, ɗan jagora ya duba mutum ya ce sai ka sauka, kuma maganarshi ita ce ƙarshe, ba a musu da shi don ciwon in ya kai huhu ko ƙwaƙwalwa kisa yake. Toh in ke ce, ango zai biyo ki ƙasa ya bar burinshi na shekaru saura mita ɗari biyar, ko zai wuce ki sauka da mataimakin jagora? In shi ne, ke zaki ƙarasa ki dawo da satifiket shi babu, zuciyarshi zata ɗauka? Ni a ra'ayina tunda sunan tafiyar amarci, tare aka hau tare za a sauko, amma duk wanda kuka zaɓa ku furta shi da baki. Abun da nake tsoro shi ne amarya mai kunya ta ɓoye ciwon kai don kar ta ɓata wa miji tafiya. Kunyar amarci bata da waje a mita 5,000, in kai na sarawa ki faɗa.

Sai asibiti. Na san kun yi gwajin jini na aure, toh ki koma ki duba takardar. Mai sikila SS ko SC kar ma ya fara. Mai AS ma, wanda a ƙasa lafiyarshi ƙalau, a irin wannan tsayin saifa na iya samun matsala, dole likita ya ji maganar tukunna, kuma kamfanin ba lallai su tambaye ku ba tunda mafi yawan baƙinsu turawa ne. Haka asma, hawan jini, ciwon zuciya. Likitan zai muku bayanin Diamox da ake sha don jiki ya saba da tsayi, kar ku saya a kemis ku afa. In kuma an samu rabo da wuri, magana ta ƙare, mai ciki bata hawa.

Kar ku tashi kwana uku bayan kai amarya. Gajiyar kamu da dina da wuni da 'yan ganin ɗaki bata sake ki ba za a ɗora miki jaka. Ku ba kanku ko wata biyu, kuna fita tafiyar ƙafa tare da safe da takalmin da zaku hau da shi don ya saki, kuna hawa bene kuna sauka. Lokacin rani a can Janairu zuwa farkon Maris ne, sai Yuni zuwa Oktoba, Afrilu da Mayu ruwa ake kamar da bakin ƙwarya.

Kuɗi kam a shirya. Kuɗin shiga gandun kaɗai dala 70 ne kowace rana ga mutum ɗaya banda na kwana, kamfanin kirki da wuya ya karɓi ƙasa da dala 2,000 a kan mutum, ga jirgi, ga hayar kayan sanyi a Moshi, garin da ke gindin dutsen, ga ihsanin 'yan dako da ake bayarwa ranar saukowa wanda a al'adar wajen kamar wajibi ne. In kuka ga mai arha sosai toh a jikin 'yan dakon ya rage, ku tambaya ko yana cikin tsarin KPAP mai sa ido kan haƙƙinsu. Biza ku nema da wuri don mai fasfo ɗin Najeriya ba a buga mishi a filin jirgi, kuma kar a manta katin rigakafin shawara.

In kin ji duk wannan har yanzu ranki na so, ki je, amma ki kafa sharaɗin kwana huɗu ko biyar a Zanzibar bayan an sauko, jirgi ne na ɗan lokaci daga can, garin musulmi ga teku ga gado mai laushi. In kuma ranki bai so, ki faɗa mishi yanzu, kya iya jiranshi a Moshi wata shekarar ya hau da abokanshi.

TAMBAYA: Anti ni namiji ne, ni da madam muna shirin irin wannan tafiyar. Ya ake yi da sallah da wanka a can sama?
Wani mai karatu daga Kaduna

AMSA: Malam babu banɗakin wanka a dutsen, ruwan ɗumi ake kawowa a ɗan kwano safe da yamma, ya isa alwala amma ba wanka ba, kuma daga Barafu zuwa sama ruwan ma 'yan dako ne ke ɗauko shi daga ƙasa. Matafiya ne ku, akwai sauƙin ƙasaru da haɗa salloli da taimama in sanyi zai cutar, ka zauna da malaminka ya warware maka dalla dalla kafin ku tashi, har da hukuncin in wanka ya wajaba, ka gane ai. Asubar daren ƙarshe a hanya zata same ku, ka gaya wa ɗan jagora tun da yamma zai tsaya muku, da yawa cikin ma'aikatan musulmi ne. Ka rubuta wa kamfanin maganar naman halal tun wajen biyan kuɗi, madam kuma ta lissafa kwanakinta kafin a tsayar da rana, ta tafi da kayan tsafta da jakar da zata dawo da su ƙasa don ba a barin shara a dutsen.