Cire tsohon fenti daga jant ɗin moto: a kiyayi wuta da soda

Tambaya: Salamu alaikum. Ni ɗan kabu-kabu ne a Tahoua. Baƙin fentin jant ɗin motona, wato da'irar ƙafa da ake sa wa taya, ya fara ɓarewa, wasu wuraren har sun yi fari-fari. Ina so in cire shi duka in sa sabo. Na shafa diliyan, ruwan nan na tsinka fenti, ko gezau bai yi ba. Wani ya ce in kai wa mai walda ya ƙona shi, wani kuma ya ce in jiƙa shi cikin ruwan soda. Wanne ya fi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Don Allah ka bar su duka biyun. Ka fara kanga wa jant ɗin mayen ƙarfe, in bai kama ba to alminiyam ne. Ai ma farin da ka faɗa ya nuna haka, don tsatsar ƙarfe ja ce, ta alminiyam fara.

Alminiyam yana narkewa a wajen digiri 660, shi ya sa masu ƙera tukwane a kasuwar Katako ta Yamai ke narka shi da gawayi kawai. Kuma ba ya yin ja ya gargaɗi mai walda yadda ƙarfe ke yi. Abin da ya fi damuna shi ne, tun da sauran nisa kafin ya narke, zafi ya riga ya kashe ƙwarin da aka ba shi a kamfani. A ido za ka gan shi garau, sai ran da ka ɗauko mutum da buhun albasa ka faɗa rami, ya lanƙwashe ko ya tsage. Rai biyu ne a kan ƙafar nan. Ita kuwa soda irin ta masu haɗa sabulu, jikin alminiyam ɗin kansa take ci, tana tafarfasa tana fidda iskar haidurojin mai kama wuta. In ta rarake bakin da taya marar tub ke zama, iska ta dinga sacewa ke nan; in ta ci mazaunin rulma, wato ƙwallayen da ƙafa ke juyawa a kai, ƙafa ta fara rawa.

Tunda diliyan bai motsa shi ba, mai yiwuwa fentin gari ne, wato mai zuwa kamar hoda. Garin ake fesawa, cajin lantarki ya manna shi a jikin jant, sannan a gasa a tanderu da zafin digiri 180 zuwa 200 har ya narke ya zama fata guda. Ya fi fentin gwangwani tauri nesa ba kusa ba. Don haka in wuri biyu ko uku ne kawai suka ɓare, ni ba zan ce ka cire duka ba. Ka goge wuraren da samfefa har farin ya tafi, bakin tsohon fenti ya kwanta, sauran jikin ka dusashe ƙyallinsa da samfefa lamba 400. Tsohon fentin da ya kama da kyau shimfiɗa ce ga sabo da ba ka biya kuɗinta ba.

In kuwa ko'ina yana tashi, sai dekapan, wato maganin cire fenti, mai kauri na shagunan fenti. A cire taya, bawul, rulma da robobinta tukuna. Ka karce fuskar fentin da samfefa 120 don maganin ya sami ƙofar shiga, ka lafta shi da burushi, ka naɗe da leda. Ledar nan ita ce rabin aikin a garinmu: da yawa cikin dekapan masu ƙarfi suna ɗauke da sinadarin dikuloromitan, wanda ke tafasa tun a digiri 40, ga zafin Afrilu da Mayu a Tahoua yana haura haka. Ba leda, ya bi iska bai taɓa fentin ba. Ka yi da sassafe, a inuwa, a waje, da safar hannu da tabarau. Kada ka kuskura ka yi cikin ɗaki a rufe, tururinsa yana sumar da mutum, har kisa yana yi. In fenti ya yamutse ka kankare da katako ko roba, ka maimaita. Burushin waya na ƙarfe yana barin ɓurɓushi a jikin alminiyam, daga baya ya yi ta fito maka da tabo.

Da jant ya fito tsirara, kada ka yi gaggawar rufe shi. Shafa kananzir a gindin kowane hannun jant da kewayen cibiyarsa, bari ya ɗan jima, goge tas, ka barbaɗa garin alli. In da tsaga, siririn layi mai danshi zai bayyana cikin allin. Wanda ya tsage ba fenti yake so ba, sauyawa za a yi.

Sauran aikin ba wuya. Samfefa 240, sannan 400 da ruwa, a wanke maiƙo da diliyan, a rufe mazaunin rulma da wurin da birki ke kamawa. Ka nemi fentin shimfiɗa wanda aka rubuta na alminiyam ne, ka sa shi ranar da ka goge, don alminiyam ba ya jimawa yake sake yin siririyar fatar tsatsa. Launi a fesa shi sama-sama sau biyu ko uku. In lokacin hunturu ne ka yayyafa ruwa a ƙasa saboda ƙura. Ka ba shi kwana biyu zuwa uku ya yi ƙwari kafin a mayar da taya, kuma ka tsaya a kan mai faci ya sa tsumma ƙarƙashin ƙarfensa na sa taya.